Kaki da Alƙalami: Ɗalibin Akanta na Sojan Sama a Makarantar Hafsoshi

 

Idan yaro ya ce sojan sama yake so ya shiga, nan take sai a ɗauka matuƙin jirgi zai zama. Idan kuma wani ya ce akanta yake karantawa a jami'a, sai a hango shi cikin banki ko wani ofishi, ya ɗaura wuya, yana latsa kwamfuta. Ba kasafai ake kawo waɗannan biyun a jikin mutum guda ba. Amma a Afaka, can bayan garin Kaduna, inda makarantar horar da hafsoshin sojan Nijeriya, wato NDA, take da mazauninta na dindindin, akwai samari da 'yan mata da suke ɗauke da kayan nan biyu a lokaci ɗaya. Da asuba suna filin motsa jiki, da hantsi suna aji ana koya musu lissafin kuɗi, da yamma kuma a koma fareti da koyon sarrafa makami. A kansu za mu yi magana yau, da kuma dalilin da ya sa tsaron ƙasa yake rataye a wuyansu fiye da yadda ake zato.

Bari mu ɗan waiwayi tarihi a taƙaice. Makarantar NDA da rundunar sojan sama sa'o'in juna ne, domin a shekara ɗaya aka kafa su, wato 1964. Makarantar ta fara a watan Fabrairu, kwamandanta na farko kuma Ba'indiye ne, Birgediya Varma. Rundunar sojan sama ta biyo baya a watan Afrilu da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanta na farko shi ne Kanar Gerhard Kahtz. A shekaru ashirin na farko makarantar ba ta ba da digiri. Sai a 1985 aka fara tsarin da ake kai yanzu, inda ɗalibi zai yi shekara huɗu yana karatun digiri tare da horon soja, kafin a ɗora shi kan horon da ya keɓanta da rundunar da zai yi wa aiki. A 2011 ne aka fara ɗaukar mata a wannan babban kwas.

To, me ɗalibin akanta yake karantawa a waɗannan shekaru huɗu? Abin da takwaransa na Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero yake karantawa, shi ma shi yake karantawa, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ke shimfiɗa ma'auni ga kowa. A shekarar farko ana aza tubali: lissafi, tattalin arziki, Turanci, da ƙa'idar rubuta kowace mu'amala sau biyu, inda kuɗi suka fito da inda suka tafi, ta yadda idan aka tara ɓangarorin biyu dole su zo daidai. Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, shi ya fara buga bayanin wannan ƙa'ida a littafi, a birnin Benis a 1494, kuma har yau a kanta duniya take tafiya. A shekara ta biyu da ta uku sai a shiga ƙididdiga, da dokokin kasuwanci da na kamfanoni, da haraji, da yadda ake gano ainihin abin da kowane aiki ya ci, da tsarin kuɗin gwamnati. A shekarar ƙarshe a zurfafa kan binciken kuɗi, aikin da muke kira na odita, sannan ɗalibi ya rubuta kundin kammala digiri.

Bambancin yana ga yadda ake rayuwa. Ɗalibin jami'a idan jarrabawa ta ƙarato yana iya kwana karatu, ya rama barci da rana. Wanda ke Afaka ba shi da wannan gata. Lokacinsa ba nasa ba ne. Akwai lokacin tashi, akwai lokacin cin abinci, akwai lokacin kashe fitila. Yana cikin ɗaya daga bataliyoyin ɗalibai huɗu, Mogadishu, Dalet, Abisiniya ko Burma, kuma na gaba da shi a aji yana da ikon ba shi umarni. Yakan shiga aji da gajiyar gudun asuba a jikinsa, ya zauna yana kokawa da gyangyaɗi, alhali darasin da ake yi ba ya yafe kuskuren kwabo ɗaya. Idan ya faɗi a karatu, ƙarfin jikinsa ba zai cece shi ba. Idan ya gaza a horo, yawan makinsa a aji ba zai hana a mayar da shi baya ko a sallame shi ba. Dole ya ci gida biyu.

Ba kuma wannan ce kaɗai ƙofar ba, kuma yana da kyau iyaye su san haka. Wanda ya riga ya gama digirinsa na akanta a jami'ar farar hula, ya yi bautar ƙasa, yana iya neman shiga ta gajeren kwas na masu digiri, wanda rundunar sojan sama takan tallata lokaci zuwa lokaci. Watanni ake yi ana horar da su a Kaduna, sannan a liƙa musu anini. Akwai kuma cibiyar fasaha ta rundunar sojan sama, wato AFIT, ita ma a Kaduna, wadda take ɗaukar farar hula karatun digiri. Sai dai a kula, karatu a can ba ya mayar da mutum soja. Wanda ya gama, idan yana son kaki, sai ya bi layi ya nema kamar kowa. Duk wanda ya ce muku a kawo kuɗi zai saya wa yaro gurbi, ku riƙe aljihunku, ɗan damfara ne.

Yanzu ga tambayar da wani mai sauraro zai yi: me rundunar da aikinta yaƙi daga sama za ta yi da akanta?

Ku tambayi duk mai motar haya. Sayen mota shi ne mafi sauƙi a harkar. Abin da ke tsayar da ita a gindin bishiya shi ne ranar da taya ta ƙare, ko inji ya nemi gyara, aka duba aka tarar an cinye balas ɗin kullum ba a ware komai ba. Jirgin yaƙi ma haka yake, sai dai nasa kuɗin ya ninka ba iyaka, kuma idan ya lalace babu gefen hanya da zai tsaya. Kowane jirgi ana lissafa rayuwarsa da awannin da ya yi a sama. Idan ya cika wasu awanni, dole a sauke shi a duba. Idan ya cika wasu, dole a kwance inji. Wasu sassan jikinsa suna da ranar ƙarewar aiki, ko an yi amfani da su ko ba a yi ba. Ga man jirgi, ga makamai, ga horar da matuƙa da injiniyoyi. Duk wannan sai wani ya zauna ya haɗa, ya ce tashin awa ɗaya na wannan jirgi nawa yake ci, awa nawa za a buƙata a shekara mai zuwa, nawa za a nema a kasafin kuɗi. Idan ya yi kuskure, ko aka karkatar da abin da ya ware, sai a wayi gari jirage suna jere a sansani, a takarda akwai su, amma ba mai iya tashi. A ranar da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Zamfara ko Katsina aka kira neman agaji ta sama, a ranar ce talaka zai biya farashin wannan kuskure.

Ƙari a kan haka, kusan duk kayan nan daga waje ake sayo su. Jiragen koyon tuƙi samfurin Super Mushshak da ke Kaduna daga Pakistan suka zo. Jiragen L-39 da ake horar da matuƙa da su a Kano ƙirar tsohuwar Cekosulobakiya ne. Jiragen Alpha Jet na haɗin gwiwar Faransa da Jamus ne. Kasafi da naira ake yin sa, amma kayan gyara da dala ko yuro ake biya. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana kusan naira 460. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Mu ɗauki misali: wani sashen inji na dala 100,000, wanda a da naira miliyan 46 za ta saya, ya koma naira miliyan 150. Jirgin bai canza ba, aikin bai ragu ba, amma kuɗin da aka ware ya zama bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Hafsan da zai hango irin wannan tun da wuri, ya faɗa wa shugabanninsa a sake lale, ba a filin harbi ya koyi wannan ba. A ajin akanta ya koya. Shi ya sa a hedikwatar rundunar da ke Abuja akwai reshe guda sukutum na lissafin kuɗi da kasafi, wanda babban hafsa yake shugabanta.

Amma jama'a, inda gizo ke saƙar ba a nan yake ba. Yana ga wani abu da ya shafi tarbiyyar da ake ba wannan ɗalibi, domin darussa biyu ake cusa masa waɗanda wata rana za su yi karo.

A filin fareti ana koya masa bin oda. Ƙa'idar bariki sananniya ce: a yi abin da aka ce tukuna, ƙorafi ya biyo baya. Kuma akwai hikima a cikinta, domin rundunar da kowa zai tsaya musu lokacin da wuta ke tashi ba runduna ba ce. A aji kuwa ana koya masa akasin haka. Malamin binciken kuɗi yana gaya masa kada ya yarda da maganar baki, komai girman mai maganar. A nuna masa bauca, a nuna masa rasit, a nuna masa shaidar cewa kayan sun iso sito. Wanda ya ba da izinin biya kada ya zama shi ne mai biya, kuma kada ya zama shi ne mai dubawa. Ɗayan darasin yana cewa kada ka tambaya, ɗayan yana cewa tambaya ita ce aikinka.

Muddin yana makaranta, darussan nan ba sa takun saƙa, kowanne da lokacinsa. Ranar da za su haɗu ita ce ranar da ya zama ƙaramin hafsa a ofishin kuɗi na wani sansani, aka aje masa fayil a tebur, aka ce mai gida ya ce a biya yau. Ya buɗe ya ga kwangilar ba ta bi hanya ba, ko kuwa takardar karɓar kaya ba ta ciki. Wanda ya aiko da fayil ɗin shi ke rubuta rahoton da ƙarin girmansa ya dogara a kai, shi ke iya sa a tura shi inda ba ya so. A wannan lokaci ne za a san ko digirin ya shiga jiki ko a takarda ya tsaya. Zai iya ƙamewa, ya sara, ya ce, “Yallaɓai, takardun ba su cika ba, ba zan iya sa hannu ba sai an kawo su”? Wannan jimla ɗaya tana buƙatar zuciya irin wadda ake buƙata a fagen daga.

Kada wani ya ce wannan tatsuniya ce. A watan Agustan 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin binciken sayen makamai tun daga 2007, a ƙarƙashin wani tsohon hafsan sojan sama, John Ode. Daga binciken ne maganar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai ta cika gari. A 2016 hukumar EFCC ta gurfanar da wasu tsofaffin manyan hafsoshin sojan sama a kotu bisa zargin karkatar da biliyoyin naira, kuma a cikin waɗanda aka tuhuma, da waɗanda suka tsaya ba da shaida, har da hafsoshin da suka riƙe ofisoshin kuɗi na rundunar. Hukunci na kotu ne, ba na mai sharhi ba. Abin da ya dame mu shi ne darasin: babban kuɗin hukuma ba ya fita ta taga. Ta ƙofa yake fita, da takarda, da sa hannu. Duk inda aka ji an yi ɓarna mai yawa, akwai alƙalamin wani masanin lissafi a kan hanyar, ko dai ya yarda, ko ya ji tsoro, ko ya kau da kai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dokokinmu kuma sun bar wata kafa da ta ƙara wa wannan hafsa nauyi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta wajabta tallata kwangila da gasa tsakanin masu nema, a lokacin da aka kafa ta, ta keɓe kayan musamman da suka shafi tsaron ƙasa, sai in shugaban ƙasa ya ba da izini a bi da su ta hanyarta. Akwai hujja, domin ba a tallata wa abokin gaba irin makamin da za a saya. Amma sakamakon shi ne, idon ɗan jarida da na ɗan majalisa da na sauran jama'a ba ya kaiwa can ciki yadda yake kaiwa ma'aikatar ilimi ko ta lafiya. Inda idon waje ya gaza, ba abin da ya rage sai idon cikin gida, kuma idon cikin gida shi ne wannan akanta mai kaki.

Ko a ƙolin gwamnati ma, maganar bin ƙa'ida takan taso. Ku tuna jiragen Super Tucano guda 12 da aka sayo daga Amurka, waɗanda kashin farko suka iso a watan Yulin 2021 aka kai su Kainji. A 2018 an biya dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur kafin Majalisar Tarayya ta amince, sai daga baya shugaban ƙasa ya rubuta mata wasiƙa. 'Yan majalisa sun tayar da jijiyar wuya, suna kafa hujja da sashe na 80 na tsarin mulki, wanda ya hana fitar da kuɗin gwamnati ba da amincewarsu ba. Gwamnati ta ce wa'adin biyan ne ya matsa. Jiragen sun zo, sun kuma yi aiki. Amma muhawarar ta nuna cewa a harkar tsaro kullum akwai mai cewa lokaci ya ƙure, a biya tukuna, takarda ta biyo baya. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma gaggawar ce rigar da ɓarna take sawa. Rarrabe tsakanin biyun shi ne ƙwarewar da ake nema.

Shin hakan na nufin a koya wa ɗalibi taurin kai? A'a. Dokar rundunonin soja kanta, laifin da ta sani shi ne ƙin bin umarnin da yake kan doka. Umarnin a biya kuɗin kayan da ba a kawo ba, ba ya cikin wannan. Saboda haka hafsan da ya ƙi sa hannu a kan ƙarya bai karya ɗa'ar soja ba, ita ya tsare. Abin da ake buƙata shi ne ya san yadda ake yin hakan cikin ladabi da tsari: ya rubuta abin da ya gani, ya nemi a ba shi umarnin a rubuce, ya aje kwafi, ya san ofishin da zai kai magana. Mu da muka taso a kan karatun allo ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ta ɗora wa marubucin nauyin yin adalci. Tun can an san cewa amana tana buƙatar takarda, kuma mai riƙe da alƙalami zai amsa tambaya a kan abin da ya rubuta.

To, me ya kamata a yi? Na farko, ga masu tsara karatu a makarantar: ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada darasin ɗa'ar aiki ya zama 'yan shafukan da ake haddacewa domin jarrabawa. A kawo shari'o'in da aka yi a ƙasar nan cikin aji, a baje takardun, a ce wa ɗalibi ga inda aka bi, da kai ne a wannan kujera me za ka yi? Yadda ake gwada shi da dogon tattaki da kwanan daji, haka ya kamata a gwada shi da fayil mai matsala da babban hafsa a tsaye a kansa.

Na biyu, ga rundunar: a ƙarfafa wa waɗannan hafsoshi gwiwa su zauna jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararru, ICAN da doka ta kafa a 1965, ko ANAN mai kwalejinta a kusa da Jos. Amfanin ya wuce ƙarin ilimi. Wanda yake da lasisin ƙwararru yana da abin da zai rasa idan ya sa hannu a kan ƙarya, yana kuma da hujjar da zai kare kansa da ita. Sannan a tabbatar mai binciken kuɗi na cikin gida ba ya ƙarƙashin ikon wanda yake bincika, kuma hafsan da ya tsaya a kan gaskiya ba a saka masa da canjin wurin aiki na horo ba. Ƙananan suna kallo. Abin da suka ga ya sami na gaba da su, shi za su ɗauka a matsayin doka, ba abin da ke cikin littafi ba.

Na uku, ga Majalisar Tarayya da ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya: sirrin tsaro yana hana a faɗa wa duniya, amma bai hana a duba ba. Ana iya zama a asirce a bi lissafi dalla-dalla.

Na ƙarshe, ga iyaye da matasanmu na Arewa. Kowace jiha tana da kasonta a ɗaukar ɗalibai, amma kaso ba ya amfanar wanda bai cika sharaɗi ba. Ana buƙatar sakamako mai kyau a darussa biyar har da Turanci da lissafi, sai jarrabawar JAMB, sai ta makarantar, sai gwajin lafiya da na ƙarfin jiki. Yaron da ke gudun lissafi tun a sakandare ya rufe wa kansa wannan ƙofa da hannunsa. Wanda kuma Allah ya ba shi, aka ɗauke shi a fannin akanta, kada dangi su raina, su ce ai mun zaci jirgi zai tuƙa. Kada kuma, ranar da ya kama aiki a ofishin kuɗi, a fara yi masa kirarin ya samu wurin ci, ana jera masa buƙatun da albashinsa ba zai ɗauka ba. Sau da yawa matsin da ke karya ma'aikaci ba daga ofis yake farawa ba, daga gida yake tasowa. Idan muna son hafsa mai iya cewa a'a ga shugabansa, to mu ma mu daina tambayarsa abin da sai ya ci amana zai iya ba mu.